Kemis ɗin Sahura

Da na dawo Bukkuyum bayan bautar ƙasa, na tarar Kawu Labbo ya fasa bangon zaurensa ya fitar da shago. An shafe shi da siminti, an kafa kantoci, an yi masa shuɗin fenti. A saman ƙofa an rubuta sunana: SAHURA KEMIS.

Kawu ƙanen Inna ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Duk zamana a jami'a a Sakkwato, in aka tambaye shi abin da nake karantawa sai ya ce kemis. Ni kuwa kimiyyar sinadarai na yi, wadda muke kira kemistiri, ba ta da haɗi da sayar da magani. Har ma na samu aiki a wani ɗakin gwaji a Anka, inda ake auna dalma a ƙasa da ruwan rijiya na ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari. Yadda zan faɗa wa Kawu ba tare da na kashe masa jiki ba, shi ne ya gagare ni.

"Inna, ki gaya mai mana."

"Ni na tahi jami'a? Bakin da kika ci tuwonai da shi, ki hwaɗa mai da shi."

"Har fenti fa ya yi."

"Henti ya yi, ba aure ya ɗaura miki da shagon ba."

Washegari da hantsi Kawu yana nuna mini inda za a ajiye firji, sai ga Balaraba maƙwabciyarmu da ɗanta a goye.

"Likita, a ba mu na tari. Mu ne cinikin hwari, sai a yi muna ragi."

Kawu ya juyo yana murmushi, yana jira. Na dubi yaron, ƙirjinsa na ta ƙugi. Ban ga hanyar yin shiru ba.

"Anti, ki kai shi asibiti. Ni ban san maganin tari ba."

Sannan na sunkuyar da kai na faɗa wa Kawu komai, ina murza bakin hijabina. Ya daɗe yana shafa katakon kanta.

"Dalma," ya ce. "Wadda ta kwashe ƙanana a Yargalma?"

"Ita, Kawu."

"Na ga masu aikin nan a waccan shekara. Suna da wata na'ura kamar bindiga, su ɗora ta bisa ƙasa ta hwaɗi abin da ke ciki."

"Irinta zan riƙe."

"Ke? Ke da ko zakara ya yi cara sai kin zabura?"

Balaraba ta tuntsire da dariya. Ni ma ta kuɓuce mini.

"Balaraba, tahi asibiti," in ji Kawu. "Ɗiyar tawa ba ta duba mutane, ƙasa take dubawa. Shago kuwa autata Amira ta kawo kekenta na ɗinki, ta daina cika muna tsakar gida da ƙyallaye."

Ranar da zan fara aiki ya hana ni shiga motar haya, ya ce shi zai kai ni a babur. A hanya ya yi ta ɗaga murya saboda iska, yana tambayata ko na'urar tana da nauyi, ko tana ganin zinari ma, ko za a bar ni in zo da ita gonarsa ta Gwashi. Na ce sai na tambayi oga. Ya ce in tambaya da ƙarfi, kada in yi wa ogan irin muryar nan tawa ta ƙasa-ƙasa.