Naman da Fadil Ya Tauna

Ranar da haƙoran jaririyarta Huda biyu na ƙasa suka leƙo, farare kamar ƙwayar shinkafa, Rakiatu ta zaunar da mijinta Fadil a bakin gado ta ce tana da roƙo.

Baki shi ne aikinta. Tana taimaka wa wani likitan haƙori a unguwar Krofrom ta Kumasi, ita ke riƙe madubi da bututun tsotse yawu, kullum tana leƙa bakunan mutane. Ta kuma san ciwon a jikinta. Tun tana 'yar makaranta haƙoranta na gaba suka ruɓe, ta ƙare 'yanmatancinta tana dariya a bayan mayafi, har ta fara aiki aka sa mata na roba. A gidan aurenta Fadil kaɗai ya sani. Makon farko na aurensu ta cire su a gabansa, shi kuwa ya riƙe fuskarta ya ce ko babu haƙori ɗaya ita ce dai. Tun daga ranar ta ba shi zuciyarta ba ta rage komai ba.

"Ka ga baki," in ji ta, "zango ne. Jariri yana zuwa da nasa fili fetal. Sai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su zo su sauka, wasu a harshe, wasu a dasashi, wasu sai haƙori ya fito su sami bangon jingina. Yawancinsu mutanen kirki ne, su ke tare wuri su hana mugu zama. Amma akwai masu shan zaƙi su zubar da tsami a kan haƙori har ya ɓurme. Kuma wanda ya riga sauka shi ke da unguwa, kamar kakanninmu da suka biyo goro har Kumasi. Tashinsa sai Allah."

"To daga ina suke zuwa?"

"Daga bakinmu. Lasar cokalinta, tauna mata abinci. Kai ga turmin haƙorinka mai ciwo da kake cusa wa kanumfari, ni kuma ka san nawa. Don Allah, Fadil, kada abin da ya shiga bakin wani ya shiga nata. Ba na so ta yi dariya a bayan mayafi."

Ya ɗora hannu a ƙirji. "Raki, kin gama magana. Ni ne mai gadin ƙofar zangon."

Ta yi dariya har da hawaye. Kullum da safe sai ta dafa cokalin Huda ta rufe a kwano, ta bar yarinyar wajen gwaggonsa Mma Habiba, ta hau motar haya ta trotro hankali kwance, domin keken ɗinkin Fadil na nan a barandar gidan.

Wata Alhamis aka ɗauke wuta a Krofrom, injin asibitin ya ƙi tashi, likita ya sallame su tun kafin la'asar. Tana shiga soron gida ta jiyo dariyar mata a tsakar gida, da wata siririyar murya da ta san ta, ta kuma rasa ta wace ce. Sai da ta tsaya ta gane. Fadil ne yake kwaikwayonta.

"Baki zango ne, Mma. A yi hattara, baƙi na sauka."

"Madam Ƙwayoyin Cuta kenan," in ji Rafia mai sayar da koko, tana matse wanki. "Cale, ɗan'uwa, kana shan wahala paa, ba kaɗan ba."

Rakiatu ta leƙa. Huda na zaune a cinyarsa. A kan keken ɗinki ga cincinga a takarda, tsiren nan mai yaji. Ya zare yanka ɗaya ya tsotse yajin, ya tauna a hankali a gefen da ba ya ciwo, ya fito da shi a kan yatsa. Abin da ya soke ta shi ne yarinyar. Tun yana cikin taunawa ta ɗaga kai ta wangale baki tana jira. Wannan ba karatun yau ba ne.

"Ku bar ta," Fadil ya ce yana goge yatsa a wando. "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Na gaban nan nata da kuke yabo ai na roba ne, a kofi suke kwana."

Dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Rafia ce ta fara ganinta, ta sunkuya cikin baho kamar ta yar da wani abu.

Rakiatu ta ji harshenta ya tafi da kansa ya taɓa bayan haƙoran. Ta tako har gabansa.

"Tun yaushe?"

"Raki, yau kin dawo da wuri."

"Tun yaushe, Fadil?"

Mma Habiba ce ta amsa daga kan tabarma, bakinta ja da goro. "Tun da ta fara zama, 'yata. Ni ma ina ba ta. Yawun uba ba guba ba ne. Haka na ciyar da shi, ga shi nan ƙato."

"Mma, ke ba ki yi mini alkawari ba." Ba ta ɗauke ido daga kan Fadil ba. "Da ka ce mini ba ka yarda ba, da mun yi gardama, da na san inda zan kai ta. Ka bar ni ina dafa cokali kowace safiya."

"Don a zauna lafiya ne. Kin ga yadda take son naman? Da cokali ba ta ci."

"Maganar kofin kuma fa? Ita ma don a zauna lafiya?"

Akwai ɗan zaren nama maƙale tsakanin haƙoransa, kuma ta ji mamakin yadda ta taɓa ganin bakin nan ya fi na kowa kyau.

Ta ɗauki Huda ta shiga ɗaki. Ta naɗe tsumma mai tsabta a yatsa, ta jiƙa da ruwan ɗumi, ta goge dasashin da haƙoran nan biyu, sama da ƙasa, har yarinyar ta fara ƙunƙuni. Ta san gogewa ba ta tayar da wanda ya riga ya kafa bukka. Abin da ya rage mata shi ne ta hana su zaƙi, ta yi ta shara safe da yamma, shekara da shekaru, ko na kirkin za su rinjaya.

Fadil ya tsaya a bakin ƙofa. "Ki yi haƙuri. Wasa ne ya yi yawa."

"Daga gobe zan riƙa kai ta unguwar Buokrom wajen yayata, in ɗauko ta in na taso."

"Haba, Raki. Sai a ce me a gidan nan?"

"Ka kwaikwaye ni, su yi dariya."

Huda ta jiyo muryar ubanta, ta miƙa hannaye tana zillo, baki a buɗe. Rakiatu ta juya ta, ta ɗora a baya, ta ɗaure zanen tamau. Yarinyar ta fashe da kuka, ita kuwa ta fara ninke 'yan rigunanta tana zubawa a jaka.