Jinin Kili

Likita ta sa wa ɗan goɗiyata takunkumi, ni kuma na cire.

Alfadari ne. Ni na kai uwarsa wajen jaki, don ina son dabbar da za ta gaji Kili a jan amalanke. Kili dandaƙaƙƙen doki ne. Shekara ashirin da biyu muna ɗaukar yashi da bulo tare, yanzu ƙafafunsa sun fara rawa in an zo hawa. Bara goɗiyar ta haifi wani alfadarin, ya yi kwana uku ya mutu da idanu rawaya. Shi ya sa bana babban ɗana, wanda kowa ke kira Direba, ya ɗauko likitar dabbobi tun kafin ɗan ya miƙe tsaye.

Ta tatsi dakashi, wato nonon farko, ta ɗiga a kan gilashi, ta haɗa da ɗigon jinin ɗan. Jinin ya tsinke kamar madarar da ta lalace.

"Baba, ka gani?" in ji ta. "Jinin dabba iri-iri ne, kamar na mutum. Wannan jinin ubansa ya ɗauko. Jikin uwar ya san jinin jaki tun cikin bara, ya tanadar masa makami. Makamin yana cikin dakashin nan. In ya sha, jininsa zai narke."

"Nonon uwar tasa?"

"Na kwana biyu kawai. Ku riƙa tatsewa kuna zubarwa. Ga na wata goɗiyar a kwalba, shi za ku ba shi."

Na ce to. Ta tafi.

Shekara hamsin ina kiwon doki, ban taɓa ganin an hana ɗa nonon uwarsa ba. Ɗan yana dungurin hantsarta da takunkumi, uwar tana juyowa tana haniniya, nono yana zuba a ƙasa. Na jure har azahar. Sannan na kwance igiyar. Ya sha ya ƙoshi, ya kwanta. Na mayar da takunkumin yadda yake.

Mai ɗakina tana ƙofar barga da bokiti a hannu. Ta gani.

"Malam, ashe ka zama likita ba mu da labari?"

"Shiga ciki."

"Ai zan shiga. Mutumin da ko maganin tarinsa ba ya sha yadda aka ce."

Washegari ɗan ya ƙi tashi. Fitsarinsa ya yi ja. Likita ta zo, ta ɗaga leɓensa, dasashin ya yi rawaya. Ta dubi Direba, Direba ya dubi ƙasa. Mai ɗakina ta buɗe baki za ta ce wai takunkumin ne ya suɓule.

"Ni na cire," na ce.

Likita ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta buɗe jakarta kawai ta ce sai an yi ƙarin jini.

"A ɗebi na uwar," in ji Direba.

"Makamin ai yana cikin nata. Sai an wanke jinin da inji, injin kuma yana da nisa, ɗan ba zai kai ba."

"Na uban fa? Jakin yana nan bayan layi."

"Jininsa ne ma ake yaƙa. Doki nake so. Mai lafiya."

Direba ya tafi ya jawo dokin mai bulo, maƙwabcinmu, har da mai bulon a baya yana tambaya ko za a dawo masa da dokin da sauran jini. Likita ta gwada a gilashi, ya tsinke. Aka kawo na mai itace. Ta duba kunnensa da dasashinsa, ta ce kaska ta sa masa zazzaɓi, jininsa cuta zai ƙara. Sai ta tsaya tana kallon turken ƙarshe, inda Kili yake ɗaure.

"Shekararsa nawa?"

"Ashirin da shida."

Ta ja numfashi. Ta gwada duk da haka. Jinin Kili ya kwanta lafiya lau a gilashi, bai tsinke ba.

Ni na riƙe masa kai. Ta aske gashin wuyansa, ta soka allura mai kaurin ƙusa. Ko motsi bai yi ba. Leda uku ta cika, masu ɗumi. Ta rataye ta farko a ƙusar da nake rataye linzami, ta saki jinin ɗigo-ɗigo, hannunta a kan ƙirjin ɗan, tana jira ta ga ko zai yi rawar jiki. Bai yi ba. Sai ta ƙara gudu. Kafin la'asar ya ɗaga kai. Kafin rana ta faɗi ya miƙe, yana tangaɗi.

"Ga jaki da jinin doki," in ji mai bulo. "Yanzu sai girman kai, kamar mai shi."

Har mai ɗakina ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Kili ya bar rabin dusarsa ranar. Washegari ma haka. Yana tsaye kai a ƙasa, leɓe a sake. In na shiga yakan sa mini hanci a aljihu. Kwana biyu bai sa ba. Na jiƙa masa dusa da ruwan ɗumi na ba shi a tafin hannu. Ya ɗan lasa.

A rana ta huɗu ɗan ya sake kwanciya.

Likita ta zo da safe, ta ɗebi jininsa a ɗan siririn gilashi, ta auna. Ta ce abin da ya sha bai gama aiki ba, jinin nasa yana ci gaba da narkewa, na Kili kuma ya fara ƙarewa.

"Faɗa mini gaskiya," na ce.

"In ya samu leda biyu yau, ina sa rai. In bai samu ba, rabi da rabi ne. Wasu sukan tashi."

"Kili kuma fa?"

Ta je ta ɗaga leɓen Kili. Dasashin fari fat. Ta daɗe tana sauraron ƙirjinsa.

"A ƙa'ida sai ya huta wata guda. Saurayin doki ke nan. Wannan, in na ɗiba, zai iya faɗuwa a nan ya ƙi tashi. Zai kuma iya jurewa. Ba zan ce maka na sani ba. Dabbobinka ne, Baba."

Direba ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Baba, ka duba da kyau. Kili ya gama aikinsa. Ko an ɗiba ko ba a ɗiba ba, shekara nawa ta rage masa? Alfadarin nan shekara talatin zai yi yana jan kaya. Goɗiya kuma ba za a sake kai ta wajen jaki ba. In wannan ya tafi, shi ke nan."

Gaskiya ya faɗa. Duk na sani.

Ɗan yana kwance a kan ciyawa, haƙarƙarinsa na hawa da sauka da sauri, uwar tana lasar kunnensa. Mai ɗakina tana tsaye a ƙofar barga. Likita ta fito da leda biyu, ba ta buɗe su ba.

"Baba," in ji Direba. "Rana tana yi. In kwance shi?"

Ya kai hannu ga igiyar Kili. Na riƙe igiyar.

"A'a," na ce. "Ba za a ƙara taɓa shi ba."