Sabon Namiji a Filin Zari-ruga

Ni malamar lissafi ce, ban san kan zari-ruga ba. Abin da na sani shi ne samarin ajina sun fi zama a tashar mota fiye da kan benci. Sai na aro ƙwallo, na kafa doka: wanda ban gan shi a aji da safe ba, kada ya tako fili da yamma.

Dabarar ta ci. Har Luyolo ya dawo, ƙaton yaron da uwarsa ta riga ta sallama shi. In ya rungume ƙwallo, sai mutum uku sun taru a kansa. Kyaftin kuwa Sakhumzi ne, ɗan tsurut mai shekara goma sha biyar, bakinsa ya fi jikinsa girma, amma shi ke ganin filin gaba ɗaya.

A dogon hutu aka kai Luyolo daji aka yi masa kaciya, don a al'adarmu sai da ita saurayi ke tashi daga yaro ya zama namiji. Ya dawo da kwat da hula, fuska shafe da jar ƙasa, yana tafiya a hankali yadda ake so sabon namiji ya yi. Na yi masa barka da zuciya ɗaya. Da aka fara wasannin bana, Sakhumzi ya daka masa tsawa kamar kullum.

"Luyolo, koma hagu, kai ba gunki ba ne."

Luyolo ya ajiye ƙwallon a ƙasa.

"Kai yaro, da wa kake? Ka ce yaya."

"To yaya, koma hagu, kai ba gunki ba ne."

Yara suka tuntsire da dariya, ni ma sai da na ciji leɓe. Luyolo bai yi dariya ba. Ya zo gabana ya cire hula.

"Malama, ba raini ba ne. Wanda bai je daji ba ba ya ba ni umarni. In maza suka ji, ina zan sa kaina?"

"A filin nan babu daji, ɗana. Akwai kyaftin."

"To ki riƙe filinki."

Daga ranar babu shi a fili, babu shi a aji. Na bi shi tasha, na same shi yana kiran fasinja. Na yi lallashi, na yi faɗa, kamar ina zuba ruwa a kwando. Abin ya ci mini rai, don na san in wannan zangon ya wuce shi, shi da makaranta sai dai a gaisa daga nesa. Sakhumzi ya ce a ba Luyolo kyaftin ɗin kawai. Luyolo ya aiko cewa ba ya karɓar sadaka daga hannun yaro.

Ana gab da jarrabawa, sanyi ya kankama, na shiga aji na ga Luyolo zaune a gaba da littafinsa. Farin ciki ya kama ni, har na fara tsokanarsa ko tasha ce ta kore shi. Bai ɗago kai ba.

"Sakhumzi ne ya ce in dawo. Ya ce shi zai gyara maganar."

Sai a lokacin na lura bencin Sakhumzi babu kowa.

"Ina yake?"

"Ya tafi daji, Malama."

"Da wannan shekarun? Babansa ya sani?"

"Bai sani ba. Wurin wani mai kaciyar ɓoye ya je a bayan dutse, wanda ba ya tambayar shekaru." Ya rufe littafin. "Sakhumzi ya ce in ya dawo namiji, sai in koma hagu ba tare da kunya ba."

Duk garin nan mun san irin waɗannan mutane, mun kuma san yadda wasu yaran ke dawowa daga hannunsu, in sun dawo. Allin hannuna ya faɗi. Na ce ya tashi ya nuna mini hanya.

"Mace ba ta zuwa wurin, Malama."

"Na sani. Kai za ka shiga ka fito da shi, tunda kai namiji ne."

Ya miƙe, ya bar kwat ɗin a kan benci, ya fita da gudu.