Doguwar Gora a Fadamar Kawa

Tun da aka rufe masana'antar da yake haɗa kayan rediyo a birnin Taichung, A-Sing ya dawo ƙauye ya rasa abin yi da hannuwansa. Aikin laka ya fi ƙarfin bayansa. Ubansa kuwa, Tsoho Ang, da zarar ruwan teku ya janye sai ya ɗaura wa sansa amalanke, su nausa cikin fadama har can inda kawa, 'yan halittun teku masu ɓawo da ake ci, ke rataye a igiyoyi tsakanin turaku. Daga katangar teku, ɗigo kawai ake hangowa.

A can ne aradu ta kashe mijin maƙwabciyarsu Inna Boan a daminar bara. Abin da ya zaunar da A-Sing kan tebur ke nan.

Ya farke tsohuwar rediyon marigayiya uwarsa. Ya san ko a nesa aka yi walƙiya, rediyo kan yi ƙaras. Aikin shi ne ya mai da wannan ƙaras ɗin ya zama kuka. Ya liƙa, ya kwance, ya ƙone yatsu. Na'ura biyu ya haɗa, kowacce cikin gwangwanin ganyen shayi, ya sa batir, ya liƙe murfin da dalma don kada ruwan gishiri ya shiga. Ya ƙyasta murhun gas kusa da su, suka ce ƙyat.

Sai dai jinsu gajere ne, sai hadari ya kusanto suke farga. Don haka ya sami gora doguwa, ya naɗe ta da wayar tagulla har ƙoli, ya haɗa da gwangwani ɗaya, ya tsayar a jikin amalanke.

"Wannan kuma tutar wane biki ce?" in ji tsohon.

"Kunnenta ne, Baba. In ta fara kuka ka juyo, ko kwando bai cika ba."

"Na tsufa ina duban sama, yau gwangwanin shayi ne zai koya mini hadari." Ya dafa wuyan san. "Ka ji, abokina? An yi mana shugaba."

Amma da hannunsa ya ƙara ɗaure gorar tamau. A hanya ma duk wanda ya gamu da shi sai ya tsaya ya nuna masa.

Da rana ta take, A-Sing na zaune a rumfar Inna Boan, tana ɓare kawa da 'yar wuƙa, ɗaya gwangwanin na kan cinyarsa. Sama fes. Sai ƙyat. Can kuma ƙyat, ƙyat.

"Inna, kin ji? Tana yi!"

"To, injiniya, sai a yanka maka agwagwa." Ta jefa ɓawo cikin kwando. "Ai na ga ubanka da safe, yana tafe kamar mai rakiyar gunki. Har ya ɓace mini ban daina ganin gorar nan ba. Duk fadamar ba abin da ya kai ta tsawo."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ta dube shi.

"Nawa mijin fa manjagara kawai ya saɓa a kafaɗa," ta ce a hankali.

A-Sing ya miƙe zumbur. Shi da ya san wuta, ya san tagulla. Duk tunaninsa ya tafi ga yadda na'urar za ta ji da nisa, ya manta abu mafi tsawo aradu ke nema.

Ya kira salular uban. Ta katanga ya jiyo ta tana ringi a cikin gidansu, kusa da kaskon turare, inda tsohon ke ajiye ta kullum tun da gishiri ya cinye masa ta farko.

Ya cusa gwangwanin a aljihu ya hau babur. Kafin ya isa katangar teku, yamma ta yi baƙi ƙirin. Masu kawa na ta fitowa a kan kekunan injinsu.

"Kawu Tiong, ina Baba?"

"Yana can ƙarshen turaku," in ji mutumin, abokin ubansa ne tun ƙuruciya. "Na ce masa mu tafi, ya ce yau ba ruwansa da sama, ɗansa ya ba shi mai gadi."

A-Sing ya dira cikin laka. Bai yi nisa ba ya nutse har gwiwa, bayansa ya riƙe, ya kife. Ya ɗago ya ƙwala kira. Iska ta mayar masa da muryarsa. Kawu Tiong da wani suka jawo shi, suka danne shi a gindin katanga.

"Sake ni!"

"Ka je ka yi me? Mu kwaso gawa biyu?"

Yana iya hango gorar. Siririya kamar allura, a tsaye ita kaɗai. Gwangwanin aljihunsa ya daina ƙyat-ƙyat, ya koma kuka ɗaya miƙaƙƙe. Ruwa ya sauko. Wani farin haske ya tsaga sama ya sauka daidai wurin, ƙarar ta daki ƙirjinsa.

Kawu Tiong ya sassauta riƙon, amma bai sake shi ba. Ruwan teku ya fara dawowa, yana cike sawun amalanke.

An daɗe kafin ɗigon ya bayyana. Ɗaya ne, ba amalanke. Yana tafe a hankali, ruwa na bin dugadugansa. Da ya iso, ba komai a hannunsa sai igiyar hancin san, ƙarshenta a babbake.

Tsoho Ang ya zauna kan dutse. Bai dubi ɗansa ba.

"Na'urarka ta yi kuka kuwa," ya ce. "Ina can cikin turaku, sai da iska ta juyo na ji. Na taho in kwance san." Ya naɗe igiyar a yatsunsa. "Yana tsaye yana jirana. Haka na koya masa, in na ajiye shi kada ya motsa."

"Baba..."

"Kashe abin nan."

A-Sing ya zaro gwangwanin. Ya juya shi, ya sake juyawa. Tun farko bai sa masa makunni ba. Ya sa farce a bakin murfin da ya liƙe da hannunsa, ya yi ta ƙoƙari har farcen ya tsage. Gwangwanin bai daina kuka ba.