Karkataccen Sitiyarin Baƙo

Sabuwar motar Alhaji Sajo sabuwa ce a bakin Alhaji kawai. 'Yar Kwatano ce, ta gama ƙuruciyarta a ƙasar Turawa kafin ta iso Gwarzo ta fara dakon masara. Sai dai tana da kwamfuta a ciki, kuma kwamfutar nan ta fi tsohuwar unguwa sa ido.

Direbanta Baƙo ne. Shekara ashirin da shida yana jan motar Alhaji, ko kaza bai taɓa takawa ba. Amma yana da wani sirri da daga Allah sai matarsa Marka suka sani. Shekara tara da suka wuce ya faɗo daga saman lodi a Kutama, kafaɗarsa ta hagu ta goce. Maɗori ya ja, ya tofa, ya ɗaure, ya ci zakaransa, amma tun daga ranar hannun bai ƙara ɗaguwa ya wuce ƙirji ba. In ya daɗe a sama ma sai ya fara rawa. Baƙo ya san halin ubangidansa. Alhaji Sajo mutum ne da in jaki ya yi ɗingishi da safe, da azahar yana kasuwa.

Don haka Baƙo ya samo dabara tun a tsohuwar mota. Ya kwance sitiyari, ya juya shi kaɗan, ya mayar a karkace, yadda sandar tsakiya ta gangaro daidai gwiwarsa ta hagu. Nan yake maƙale yatsunsa, hannun hagu na hutawa a cinya, na dama na aiki. Da aka ba shi sabuwar, ya jira Juma'a, kowa ya tafi masallaci, ya zaro sufanarsa ya yi mata irin wannan kaciyar. Raka'ar ƙarshe ya samu, da baƙin mai a farcensa.

Yana tayar da ita wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabansa, ta ƙi mutuwa. Ya manna mata hoton wani ɗan takarar kansila. Alhaji ya hau wata rana, ya ɓare hoton don ba jam'iyyarsa ba ce, ya ga fitilar, ya ce a kai Kabo wurin Mudassir.

Mudassir bakanike ne irin na zamani, wanda bai cika shiga ƙarƙashin mota ba. Ya fi son ya zauna a kujerar direba ya jona kwamfutarsa yana gyaɗa kai kamar likita. Ya gyaɗa kan, ya ce sensar sitiyari ce ta mutu. Ya yi wa Baƙo bayani cewa wani ɗan zobe ne a wuyan sitiyari, shi yake gaya wa motar inda direba ya nufa. In ta ga direba ya nufi wani wuri ita kuma ta nufi wani, sai ta ɗauka santsi ne, ta taka birki da kanta. Baƙo ya ce ikon Allah, bai ce shi ya tsinke zoben da sufana ba.

Aka sayo sabuwa daga Kano. Mudassir ya sa, ya miƙe sitiyarin sak da idonsa, ya danna wa kwamfuta cewa nan ne tsakiya. Fitila ta mutu, kowa ya yi hamdala.

Washegari Baƙo ya ɗauko buhu ɗari uku na masara. Yana fita Gwarzo, a miƙaƙƙen titi, ba rami ba kwana, motar ta fizgi birki ta yi wani gurnani. Buhu huɗu suka yi tsalle suka fashe a kwalta, kajin ƙauyen suka yi sallah. Aka koma Kabo, Mudassir ya sake miƙe sitiyari, ya sake dannawa. Bayan kwana biyu motar ta maimaita, wannan karon a gaban masu sayar da rake, waɗanda suka yi ta tambayar ko direban sabon koyo ne.

Alhaji Sajo ya kira Baƙo zaure. Suka gaisa har iyali da gajiya da damina, sannan ya ce, "Malam Baƙo, ƙarfe sabo ne, bakanike ɗan boko ne. Saura wa?"

"Saura ikon Allah, Alhaji."

"Ikon Allah ba shi da lasin. Tsufa ba abin kunya ba ne. Gobe zan zo Kabo da kaina. In Mudassir ya ce motar lafiya take, ka miƙa wa Ja'afar makulli."

Ja'afar ƙanen matar Alhaji ne, ya shekara biyu yana kallon kujerar Baƙo yana lasar baki. Baƙo ya fito daga zauren. Tsoro ya kama shi sosai, don bai iya komai ba a duniya sai tuƙi, ko kunyar gyaɗa bai taɓa ja ta miƙe ba.

Da hantsi ya isa garejin kafin Alhaji. Mudassir ya rasa abin yi, gyaɗa kan ma ya daina. Ya duba waya, ya duba fis, ya cire sensar ya hure ta kamar garwashi ya mayar. Ya miƙe sitiyarin karo na uku, sannan ya sauko ya zagaya bayan bishiya da buta. A hanyar dawowa ne ya tsaya cak a gaban motar. Sitiyari a miƙe yake a sama, amma tayoyin gaba sun karkata suna kallon teburin mai shayi.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya hau ya leƙa notin sitiyarin, ya ga sawun sufana. Ya sauko, ya miƙa wa Baƙo kwamfutarsa a hannun dama, ya ce, "Baba, riƙe min wannan, kada ka ajiye. Ɗan miƙo min zaren can da ke rataye a ƙusa."

Ƙusar tana daidai kan Baƙo, ta hagu. Baƙo ya kalli zaren, ya kalli Mudassir. Ya ɗaga hannun, ya kai ƙirji, ya tsaya yana rawa.

"Tun yaushe, Baba?"

"Shekara tara."

"Kai ka juya sitiyarin?"

"Ni ne. Ni na kashe sensar farkon ma." Muryarsa ta yi ƙasa. "In ka faɗa, gaskiya ka faɗa, ba zan riƙe ka ba."

Mudassir ya sosa ƙeya. Haushi yake ji, don kwana biyar ke nan ana yi masa dariya a tasha, har ana cewa kwamfutarsa ta kallon fim ce. Ya ce, "Wallahi Baba ka wahalar da ni. Sau biyu ina rantse wa mota cewa karkace shi ne daidai, ita kuma baiwar Allah ta yarda. Kana tafiya sak, tana ganin ka nufi daji. Ba dole ta taka birki ba?"

Ya ciro zaren da kansa. Ya ɗaura daga tayar baya zuwa ta gaba, ya sa Baƙo ya dinga juyawa a hankali har tayoyin suka yi layi ɗaya da zaren. Sitiyarin ya koma karkacensa, sandar tsakiya a gwiwar Baƙo. A nan Mudassir ya danna wa kwamfuta cewa ga tsakiya. Suka fita gwaji har kusa da Gwarzo suka dawo. Mudassir bai kalli fitila ba, hannuwan Baƙo yake kallo, a kwana, a rami, da lokacin da wani ɗan acaɓa ya faɗo titi ba sallama. Motar ba ta ko yi tari ba.

Suna tsayawa Alhaji ya iso, Ja'afar a bayansa da sabon tabarau.

"To, likita, wa ke da ciwon? Motar ko direban?"

"Ni ne, Alhaji," in ji Mudassir. "Na saita ta ba daidai ba. Yanzu ta zauna."

Alhaji bai so wannan amsar ba, don ya riga ya yi wa matarsa alkawari. Ya tattare riga ya hau motar da ƙyar, ya ga sitiyari a karkace, fuskarsa ta washe. "Wannan kuma fa? A miƙe min shi yanzu, Ja'afar ba zai ja mota kamar wuyan mai sanƙarau ba."

"A'a, Alhaji, kada ka taɓa," in ji Mudassir, fuskarsa kamar ta liman. "Kwamfutar ta riga ta haddace shi a haka. In aka motsa notin nan, ƙwaƙwalwar motar gaba ɗaya za ta rikice, sai an aiko da wata daga Jamus. Wata shida tana tsaye, kuma ga kaka."

Alhaji ya janye hannunsa daga sitiyarin kamar ya taɓa tukunya a wuta. Ya ce Ja'afar ya gwada a haka. Ja'afar ya hau, ya gyara tabarau, ya ja. Idonsa ya ƙi yarda da karkacen, hannunsa ya miƙe sitiyarin da kansa, motar ta nufi mai shayi kai tsaye. Mai shayi ya tsallake bencinsa da tukunya a hannu yana ambaton iyayen Ja'afar ɗaya bayan ɗaya.

Da ƙura ta lafa Alhaji ya sauke numfashi. "Yanzu wa zai iya jan wannan karkatacciyar?"

"Sai wanda ya saba, Alhaji."

Alhaji ya karɓi makullin daga hannun Ja'afar, ya jefa wa Baƙo ba tare da ya kalle shi ba. "Kai da ita kun dace. A ɗauko min masarata kafin la'asar."

Bayan sun tafi, Baƙo ya tsaya yana juya makullin, ya rasa ta inda zai fara godiya. Mudassir yana naɗe zarensa ya ce, "Baba, Alhaji na yi wa ƙarya, motar ban yi mata ba. Duk bayan wata uku ka kawo min ita, kai za ka ja ina gefe. Ranar da na ga hannun dama ma ya fara rawa, ni zan karɓi makullin, ba Ja'afar ba."

Idon Baƙo ya kawo ruwa. Ya ce, "In ranar ta zo, ba sai ka tambaya ba. Ni zan kawo maka shi."