Majigin Yaya Tabawa

Daren jiya na kwanta da ƙurar aiki a hannuna, sai wani mafarki ya ɗauke ni. Kafin in faɗe shi, bari in faɗi abin da na kwanta da shi a rai.

Ni mai gyaran rediyo ne. Sati uku ke nan ina haɗa majigi saboda yayata, Yaya Tabawa, wadda ta dawo gidana tun da ɗanta na fari, Nafi'u, ya rasu a hanya bara. Idanunta suna tafiya. Likita ya ce ɗan hasken da ya rage mata da wuya ya kai ƙarshen damina, kuma yanzu ma sai babban abu mai haske take gani. Bidiyon Nafi'u guda ɗaya tak muke da shi, na minti huɗu, ranar sunan 'yarsa, amma fuskar waya a wurinta ba ta fi ƙwayar gero ba. Yaya ta yi kunyar ɗan fari yadda aka koya mata. Shekara talatin da shida ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayar da ido a fuskarsa ba. Ba ta kuma ce mini tana son ganinsa ba. Wata rana dai tana tsince wake da lalube, ta ce, "Wai ashe shi wancan har gemu ya tsayar?" Iyakar abin da ta ce ke nan. Na ji.

Sai na samo tsohon majigin ajinmu na yaƙi da jahilci, mai gilashi a sama da madubi a kan dogon wuya, wanda malaminmu yake haska mana baƙaƙe a bango da shi. Na samo shafaffiyar fuskar kwamfuta guda ɗaya. Dabarar ita ce a cire bayanta da fitilarta, a bar siririn gilashin da hoto ke fitowa a cikinsa, a ɗora shi a kan majigin, hasken ƙwan fitilar majigin ya ratsa shi ya kai hoton bango. Ƙwan yana da zafi, in gilashin ya gasu sai ya yi baƙi. Ban samu ƙaramar fanka ba, na ce minti huɗu ne kawai, zan yi masa fifita da hannu. Na kuma aro tabarmi goma sha biyu a unguwa, don a saninmu majigi abin taro ne.

A mafarkin, shagona yana tsakiyar busasshen kogi. Wata zabuwa ce a kan bencina, sanye da tabarau, ta maƙale sukudirebata a ƙarƙashin fiffike.

"Malam Hudu," in ji ta, "a nan ba a murɗa noti. Saurarensa ake yi."

Na sa kunne a bayan fuskar kwamfutar. Noti na farko ya ce an ɗaure shi fiye da kima, ba wanda ya tambaye shi. Na biyu ya ce shi a jikin keke ya so zama. Duk wanda ya gama ƙorafinsa sai ya fito da kansa ya kwanta a tafin hannuna. Su tara ne. Na taran ya yi shiru, ni ma na yi shiru, har ya gaji ya fito.

Na ɗaga bayan, na zare fitilar, na ɓare fararen ledoji ɗaya bayan ɗaya kamar albasa, har hawaye suka zo mini. Gilashin ya rage shi kaɗai, baƙi, siriri. A gefensa akwai wata leda mai jijiyoyin wuta, ita ce ke kawo masa hoto. Tana bugawa a hankali kamar maɗigar jariri.

"Kada ka lanƙwasa ta," in ji zabuwar. "Kada kuma gilashin ya gasu. In ya yi baƙi, na cikinsa zai manta fuskarsa."

"Akwai wani gilashin?"

"Akwai wani Nafi'un?"

Na ɗora majigin a ka kamar tulu, na rungume gilashin a ƙirji.

Sai ga ni a gari. Babu bango ko ɗaya, rufin gidaje a tsaye a iska. Aka ce mini bangaye sun tafi kiwo tun da safe, in ina so sai in ga Sarkin Bango. Na same shi a ofis, wani jan ƙadangare ne a kan tebur, yana ta gyaɗa kai.

"Ranka ya daɗe, bango nake so fari, na minti huɗu."

Ya gyaɗa kai. Na yi godiya na miƙe.

"Ina za ka? Na ce a'a."

Na koma na durƙusa. Ya tambaye ni ko na mene ne, na ce na majigi.

"Majigi? Da ka faɗa tun farko. Majigi na gari ne. Ka shimfiɗa tabarminka?"

"Goma sha biyu, ranka ya daɗe."

Ya girgiza kai, aka ce mini ya yarda. Aka jawo wani farin bango da igiya, ciyawa a bakinsa, aka ɗaure shi a dandali.

Rana tana tsaka, majigi kuwa ba ya aiki sai da duhu. Mata suka tafi rijiya suka ɗebo duhu da guga, suka cika tuluna bakwai. Suka kwarara shida a dandalin, ya hau mana har bisa kai, yana da sanyi da ɗan warin laka. Na bakwai suka ajiye kusa da ƙafata, wai ko zai ƙafe.

Tabarmin nan goma sha biyu suka yi ta haihuwa har dandalin ya cika. Duk garin ya zo. Na ga limaminmu, na ga mai wanzanci, na ga mutanen da na halarci jana'izarsu. Aka kawo Yaya Tabawa aka zaunar da ita a kan kujera 'yar tsuguno, a tsakiya, tana fuskantar bango. Sai kowa ya juya wa bangon baya, ya zuba mata ido.

"Jama'a, hoton a can yake," na ce.

"A nan mai kallo ake kallo," in ji ƙadangaren daga saman bangon.

Na ɗora gilashin a kan guntayen katako biyu don iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi. Na kunna ƙwan. Na ɗauki maficin kaba na fara fifita.

Nafi'u ya fito a kife, kansa a ƙasa, hularsa tana neman faɗuwa. Na karkata madubin, ya juyo daidai. Tsayinsa ya kai na mutum uku. Ga farar rigar ranar suna, ga jaririya a hannunsa, ga gemun, baƙi ƙirin da 'yar furfura guda uku ta gefen hagu. Ko makaho zai ga wannan hasken.

Yaya ta jawo mayafi ta sunkuyar da kai, tana kallon yatsun ƙafarta.

Nafi'u ya leƙo daga bangon. Da ya hango ta sai ya durƙusa, shi ma ya sunkuyar da kai.

"Kawu," in ji shi a hankali, "ina wuni. A gaishe mini da mutanen gida."

"Ga ta nan gabanka, ka gaishe ta da kanka."

"A'a, Kawu. Ka dai gaishe ta." Ya gyara riƙon jaririyar. "Kawu, akwai zafi a nan."

Na duba gilashin. Kusurwarsa ta ƙasa ta fara baƙi, kamar ƙanzo a gindin tukunya. A bango, takalman Nafi'u sun ɓace. Na ƙara ƙarfin fifita.

"Yaya, ɗaga kai. Minti huɗu ne kawai."

"Auta, ba ka da hankali ne? A gaban mutane?"

Mutanen suka matso da tabarminsu taki ɗaya. Ba mai ƙifta ido. Baƙin ya hau gwiwoyinsa.

Na ce su tafi. Ni ban saba ɗaga murya ba, da na ɗaga ta sai ta fito kamar faɗuwar allura a yashi. Na roƙi ƙadangaren ya sallame su, ya yi ta gyaɗa kai. Hannuna na dama ya fara sagewa, na mayar da maficin hagu. Iskar da nake kaɗawa tana jinkiri, sai na kaɗa sau uku kafin ta farko ta isa.

Ƙafata ta taɓa tulun nan na bakwai. Na shure shi. Duhun ya kwarara a kan jama'a, mai kauri, ya shanye liman, ya shanye wanzami, ya bi tabarmin ɗaya bayan ɗaya. Ƙadangaren ya yi tsalle ya bi su. Dandalin ya rage daga ni sai Yaya sai bangon, yana tuƙa a hankali.

"Sun tafi, Yaya. Ba kowa."

Ba ta motsa ba. "Akwai sauran ido biyu."

Na runtse idona. "Na rufe su."

"Rufaffen ido ma ido ne, Auta. Kai ba ka san ni ba ne? Ni na goya ka."

Na buɗe. Baƙin ya kai ƙirjinsa. Nafi'u ya ɗaga jaririyar sama da kansa kamar mai ƙetare ruwa.

"Kawu, kada ka daina fifitar."

"Yaya, in na tafi ba mai fifita. Zai ƙone kafin in kai bakin dandali."

"To ka zauna," in ji ta. "Ai na ji muryarsa. Ya isa."

Ta faɗi haka da muryar da take cewa ta ƙoshi in abinci bai isa kowa ba. Na dube ta. Hannayenta biyu suna kan gwiwa. Na dubi gilashin. Saura wuya da fuska.

Na nemi zabuwar ko za ta kaɗa fiffike, sai na tuna ita idonta huɗu ne da tabarau. Na ajiye maficin a ƙasa. Na ce, "Nafi'u, ɗaga kanka. Kawunka ne ya ce." Na juya na kama tafiya.

Ƙasar ta riƙa jan ƙafata. Taki ɗaya, na ji ƙaurin gilashi. Taki biyu, na ji ƙwan yana ƙara kamar man gyaɗa a kasko. Wuyana yana so ya waiwaya, na riƙe shi da hannu biyu. A taki na biyar na ji zamewar mayafi daga kan mutum. A na shida na ji ta ja numfashi. Sai muryarta, ƙasa ƙasa, muryar da ban taɓa ji ba, ta fara, "Na…"

Injin markaɗen maƙwabta ya tashi da ƙararsa. Na buɗe ido. Gari ya waye, hannuna na dama a sage don na kwana a kansa. Majigin yana nan a kusurwa, gilashin a lulluɓe da zane, ba abin da ya same shi.

Na naɗe tabarmin na mayar wa masu su gida gida. Na shiga shago na farke bayan wata matacciyar kwamfuta da na manta da ita, na ciro fankarta. Ta sha ƙura, amma ta juya.

Da na dawo, Yaya tana zaune a ƙofar ɗaki tana shan koko.

"Na ji kana ta fita da tabarmi."

"Na mayar. Ba wanda zai zo. Na samu fanka, abin zai fifita kansa. In na rufe taga na kunna shi a ɗakinki da azahar, ni ma kasuwa zan tafi, sai la'asar."

Ta daɗe tana juya ludayi a cikin kwano.

"Sakatar ƙofar nan," in ji ta, "ta cikin ta lalace tun kwanaki."

"Yanzu zan gyara ta."