Rawar da Ta Ƙi Goguwa

Tabawa na jan guga a bakin rijiya labarin ya iske ta. Falalu, ƙanen mijinta, shi ya zo ya ce rijiyar da ɗanta Almustafa ke haƙa wajen Tenhya ta rufta da shi, har an rufe shi a can daji. Wayarsa kawai ya kawo mata.

Cikin zaman makoki wata mai gaisuwa ta nuna mata bidiyo. Almustafa ne a shafinsa na intanet, yana taka rawa a gidan biki, ƴan mata na yi masa guɗa.

"Ki sa a goge, Tabawa," in ji matar. "Na ji an ce duk wanda ya kalla, alhakin can kabari zai iske shi."

Abinci ya ƙi shiga bakinta. Ko ta rufe ido, ƙasa take gani tana matse yaron. Sai ta jefa wayar Almustafa cikin turmi, ta daka ta har da layin, ta tona rami ta binne garin. Ranar ce ta fara cin tuwo.

Da kasuwa ta ci, sai ga Almustafa yana rawa a wayar wani mai awaki.

Ta nufi Tanout wurin ɗiyarta Rukaiya, ta ba ta labarin abin da ta yi.

"Inna, me kika yi? Ai ba cikin wayar yake ba. Layin nan ne mabuɗin shafin, da shi za a shiga a goge."

Suka je wurin wani mai gyaran waya. Ya ce dangi na iya roƙon a rufe shafin mamaci, amma sai da takardar mutuwa, sunan kuma ya zo daidai. Almustafa ba a yi masa takarda ba. Shafin ma "Mai Taku Ɗan Damergou" ya sa masa suna.

"To wa zai shaida shi ne?" in ji mai gyaran.

"Ni na haife shi."

"Inna, masu abin ba su san ki ba."

Falalu ya yi alkawarin neman shaidu a kai mairie, ofishin magajin gari. Damina ta watsa shaidun daji da dabbobinsu, har yau ba su dawo ba.

Kullum da safe Tabawa na bakin rijiya. Duk wanda ta gani da waya, sai ta aje guga ta matsa kusa da shi.

"Ɗana, in ka ga wani dogo mai farin rawani yana rawa, don Allah ka wuce shi. Ka ce Allah ya ji ƙansa."